Injinan iskar Miyako da guguwar Maemi

A daren 10 ga Satumba zuwa asubahin 11 ga wata, shekarar 2003, mahaukaciyar guguwar teku mai suna Maemi ta bi ta kan tsibirin Miyako da ke can ƙuryar kudu maso yammacin Japan. Kamfanin lantarkin Okinawa yana da injinan iska guda shida a tsibirin, kuma ko da gari ya waye babu ɗaya da ya fita lafiya. Uku suna kwance warwas a ƙasa. Sauran ukun suna tsaye, amma daga wanda fikafikansa suka kakkarye sai wanda murfin kansa ya yayyage. Ofishin kula da yanayi na tsibirin ya auna bugun iska mafi ƙarfi a mita 74.1 cikin sakan ɗaya, wato kusan kilomita 267 a awa, matsin iska kuma ya faɗi ƙasa sosai, har zuwa hektofaskal 912 a ma'auninsa, domin cibiyar guguwar ce da kanta ta ratsa ta kan mutane. Turakun wuta ɗaruruwa sun zube, gonakin rake sun kwanta. Ranar 12 ga wata Maemi ta isa Koriya ta Kudu, ta kayar da manyan ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa ta Busan, ta hallaka mutum sama da ɗari.

Injina shida ba komai ba ne a gefen irin wannan asarar rayuka, kuma ƙarfinsu gaba ɗaya bai wuce megawat 3 ba. Sai dai an bincike faɗuwarsu filla-filla, an auna ƙarfen da ya lanƙwashe da kankaren da ya fashe, abin da aka gano kuwa ya canza yadda ake ƙera injin iska a duk yankin da guguwar teku ke ziyarta. Yanzu da duniya ke kafa injina masu tsawon ɗaruruwan mita a tekun Taiwan da kudancin Sin da gabar Japan, a lokacin da masana ke cewa manyan guguwa za su ƙara zafi, labarin Miyako ya fi dacewa a karanta shi fiye da shekarar da ya faru.

Me ya kai injin iska hanyar guguwa?

Miyako ƙaramin tsibiri ne, kimanin kilomita 300 daga babban tsibirin Okinawa, mazaunansa dubu hamsin da 'yan kai. Shimfiɗaɗɗen wuri ne na dutsen murjani, babu wani tsauni da zai tare iska, babu kogi balle a yi madatsar lantarki. Ba a haɗe yake da babban layin wutar Japan ba. Yawancin wutarsa daga injinan mai take fitowa, man kuma sai an ɗauko shi a jirgin ruwa, da tsadarsa da komai. Ga wanda yake cikin wannan hali, iskar da ke kaɗawa kyauta daga teku arziki ce da ba a barin ta ta wuce. Shi ya sa tun shekarun 1990 kamfanin lantarki ya fara gwada injinan iska a Karimata da ke arewacin tsibirin, daga baya a Nanamata da ke kudu maso gabas. Shawara ce mai ma'ana, kuma har gobe ina ganin daidai ce. Matsalar tana cikin irin injinan da ake samu a kasuwa a wancan lokaci. Ƙirar Turai ce, inda sana'ar ta girma: Micon na Denmark, Enercon na Jamus da makamantansu, an gina su bisa iskar Tekun Arewa na Turai, wadda take da ƙarfi amma ba ta san haukar guguwar yankin zafi ba.

Kafin a fahimci abin da ya faru, sai an san yadda injin iska ke kare kansa. Mutane da dama suna zaton yawan iska yawan wuta. Haka ne, amma zuwa wani ƙadami. Yawancin injina suna fara juyawa da iskar mita 3 ko 4 a sakan, su kai cikakken ƙarfinsu wajen mita 12 zuwa 14, in iska ta haura kusan mita 25 a sakan, wato kilomita 90 a awa, sai su tsaya cak. Daga nan aikin injin ɗaya ne, ya tsira. Dabarunsa biyu. Ta farko, fikafikan su murɗa su ba iska kaifinsu maimakon faɗinsu, ta yadda za ta zame ta wuce. Ta biyu, kan injin, wato ɗakin da ke ɗauke da janareta a ƙolin hasumiya, ya riƙa juyawa yana bin inda iska ta fito, don kada ta same shi ta gefe. Duka biyun da ƙananan injina masu aiki da lantarki ake yin su. Injin da aikinsa samar da wuta ne, da zarar ya tsaya shi ma wuta yake nema daga layi kamar kowane gida a gari. A daren Maemi kuwa layin ne ya fara tafiya.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowa ya riƙe, domin shi ne ƙashin bayan maganar duka. Nauyin da iska ke ɗora wa gini ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudu ya ninka sau biyu, nauyi sau huɗu yake ninkawa. Ƙarin da ido zai raina a ma'aunin gudu, a jikin ƙarfe babban abu ne.

Abin da masu bincike suka tarar

Injiniyoyin kamfanin tare da masana daga Jami'ar Tokyo, cikinsu har da Farfesa Takeshi Ishihara, sun bi lamarin ta hanyoyi da dama: sun duba ɓaraguzan, sun gwada ƙarfin ƙarfen da na kankaren, sun yi ƙaramin samfurin yankin a ɗakin gwajin iska, sun kuma yi lissafi da kwamfuta. Abu na farko da ya fito shi ne cewa adadin 74.1 na ofishin yanayi bai ba da cikakken labari ba. Ofishin a cikin gari yake, gine-gine suna rage wa iska kaifi. Injinan kuwa a bakin teku suke, a fili fetal, kawunansu a sama. Ƙiyasin masu binciken ya nuna bugun iska a wurin injinan ya kai wajen mita 90 a sakan, sama da kilomita 320 a awa. Mafi girman aji a ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ƙera injin iska a wancan zamani an gina shi ne kan matsakaiciyar iska ta mita 50 a sakan, da bugun da ya kai mita 70. Daga 70 zuwa 90 nauyi ya ƙaru da kusan kashi 65 cikin ɗari. Babu injiniyan da ke barin rarar da ta kai haka a jikin hasumiya, don kuɗin ƙarfen kaɗai zai kashe cinikin.

Biyu daga cikin ukun da suka faɗi na Micon ne, masu kilowat 400 kowanne, a Karimata. Hasumiyarsu bututun ƙarfe ce, faffaɗa a gindi, siririya a sama, kuma duka biyun a ƙasa suka lanƙwashe, daidai wajen ƙofar da ma'aikata ke shiga su hau tsani. Duk wanda ya taɓa taka gwangwanin da ba komai a ciki ya san abin: muddin jikinsa lafiya lau yake zai ɗauki nauyi mai ban mamaki, amma in akwai 'yar lotsawa ko huda a gefe, daga nan zai naɗe lokaci guda. Ƙofa huda ce a jikin bututu, kuma tana daidai inda nauyin lanƙwasawa ya fi taruwa. Ƙari a kan haka, wannan tsohuwar ƙira ce da fikafikanta ke kafe, ba sa murɗawa su ba iska kaifi. Sannan binciken ya nuna kawunan injinan sun zame daga inda birki ya riƙe su, iska ta same su ta kusurwar da ta fi muni, ba kuma wutar da za ta mayar da su daidai. Guguwar teku tana da wani hali da ya ƙara dagula lamarin: in cibiyarta ta ratsa wuri, iska takan lafa na ɗan lokaci, sannan ta dawo daga wata fuska dabam da ƙarfinta. Injin da ba ya iya juya kai, ko ya tsallake zagayen farko, na biyu yana jiransa.

Na ukun na Enercon ne mai kilowat 500 a Nanamata, kuma nasa ya sha bamban. Hasumiyar ba ta naɗe ba, tushen ne ya gaza. Kankaren da aka dasa gindin a ciki ya fashe, injin ya kife gaba ɗayansa. Wannan ya fi tayar wa injiniyoyin gini hankali, saboda tushe ba daga masana'antar Turai yake zuwa ba, a wurin ake zana shi a zuba shi, kuma ya bayyana cewa Japan ba ta da wata tsayayyar ƙa'ida ta musamman kan yadda za a haɗa hasumiyar injin iska da kankarenta.

Wurin da ya fi ci mini rai a labarin nan yana cikin kundin ofishin yanayin Miyako kansa. A Satumban 1966 guguwar Cora ta bugi tsibirin da iskar da ta kai mita 85.3 a sakan, adadin da har yau shi ne mafi girma da aka auna a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a Japan. A 1968 guguwar Della ta kai mita 79.8. Wato sau biyu cikin shekara uku wannan ofishi ya rubuta bugun da ya zarce na Maemi, ya kuma zarce mita 70 na ƙa'idar duniya nesa ba kusa ba. Dattawan tsibirin sun ga wannan da idonsu. Maemi ba baƙuwa ba ce a Miyako, kuma babu buƙatar a jingina ta ga sauyin yanayi kafin a bayyana abin da ta yi. Ƙa'idar da aka rubuta don wata ƙasa ce aka ɗauko aka kafa a gaban iskar wata ƙasar. Ina jaddada wannan ne saboda yau an saba, duk abin da guguwa ta rushe sai a ce yanayi ne ya canza, a rufe littafi. Wani lokacin gaskiya ne. Wani lokacin kuma hanya ce ta kauce wa tambayar ko an duba tarihin wurin kafin a sa hannu a kwangila.

Hanyoyi biyu da aka bi

Japan ba ta yi fushi da iska ba. A 2007 ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ƙasar ta fitar da jagora kan zana hasumiya da tushen injin iska, aka sabunta shi a 2010. A 2008 hukumar NEDO, mai kula da binciken sabbin hanyoyin makamashi, ta fitar da nata jagoran da ya dace da yanayin Japan, ya tattauna guguwa da hargitsin iskar tsaunuka da tsawa. Masu ƙera injina na cikin gida suka nemo dabarar da ba ta dogara da layin wuta ba. Mitsubishi ya fito da tsarin da injin ke juya bayansa ga iska tun kafin guguwa ta iso, ta yadda ko wuta ta ɗauke, iskar da kanta ce za ta riƙa jan kansa zuwa daidai. Fuji da Hitachi kuwa suka ƙera injina waɗanda dama fikafikansu a bayan hasumiya suke. Japan ta kuma kai kukanta hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki na duniya, kuma a bugun 2019 na ƙa'idar injin iska aka shigar da sabon aji na yankunan guguwa, ajin T, wanda ya ɗaga ma'auni daga mita 50 zuwa 57 a sakan, bugu kuma zuwa kusan mita 80. Mita bakwai kacal, amma a nauyi ƙarin kashi 30 cikin ɗari ke nan, kuma kowane kashi kuɗi ne na ƙarfe da kankare da fikafikai masu kauri. Shekara goma sha shida aka ɗauka daga daren Maemi zuwa wannan gyara. Abin tausayi, a daidai wannan lokaci ne kamfanonin Japan da suka ƙware a injin guguwa suka fice daga sana'ar: Hitachi ya sanar da daina ƙerawa a 2019, Mitsubishi ya sayar wa kamfanin Vestas na Denmark kasonsa na haɗin gwiwarsu a 2020. Yanzu manyan injinan da Japan ke kafawa daga waje take sayo su, sai dai masu shaidar jure guguwa.

Wannan ita ce hanyar tsayawa a daure. Kamfanin lantarkin Okinawa, wanda shi ne ya ɗanɗana kuɗarsa, ya bi wata hanyar dabam a ƙananan tsibiransa. A 2009 ya kafa injina biyu masu kilowat 245 a Hateruma, tsibiri mafi kudu da mutane ke zaune a Japan, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa. Fikafikai biyu ne da su maimakon uku, hasumiyar siririya ce da igiyoyin ƙarfe ke riƙe da ita, gindinta kuma a kan maƙalli yake. In an yi hasashen guguwa, ma'aikata kaɗan za su zo su saki injin jan igiya, hasumiyar ta sunkuyo a hankali har ta kwanta, a ɗaure fikafikan a ƙasa, duka cikin ƙasa da awa ɗaya. Fikafikai biyun don haka aka yi su, su kwanta shimfiɗe ba tare da na uku ya miƙe sama ba. Guguwa ta gama ta wuce, a tayar da shi. Akwai wata riba ta biyu da mazauna tsibiri suka fi kowa sanin darajarta: gyara a ƙasa ake yi, ba sai an yi hayar babbar ƙugiya an ɗauko ta a jirgin ruwa ba. Daga Hateruma aka kai irin waɗannan injina tsibiran Minamidaito da Aguni da Tarama, kuma a 2019, da tallafin Japan, aka kafa guda biyar a Niutoua ta ƙasar Tonga.

Dabara ce kyakkyawa, amma tana da iyaka. Injin kilowat 245 ake kwantarwa. Na megawat 15 da ke tsakiyar teku, wanda kowane fiffikensa ya haura mita 100, babu mai kwantar da shi. Shi dole ya tsaya, kuma a can ne makomar sana'ar take.

Inda sauyin yanayi ya shigo

Kowane injin iska ana zana shi ne bisa wani adadi guda: iskar da ake sa ran gani sau ɗaya cikin shekara 50 a wannan wuri. Daga ina ake samo adadin? Daga bayanan shekarun da suka wuce. Injin kuwa shekara 20 zuwa 30 masu zuwa zai yi a tsaye. Muddin yanayi na nan yadda yake, jiya tana iya yi wa gobe shaida. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, na 2021 ya ce ba haka lamarin yake ba. Bai ce guguwar teku za ta ƙara yawa ba, ya ce jimillarsu a duniya za ta tsaya yadda take ko ma ta ragu. Abin da ya ce zai ƙaru shi ne kason masu tsanani a cikinsu, da ƙololuwar gudun iskar mafiya ƙarfi, da ruwan da suke zubarwa. Ya kuma nuna cewa a yammacin Tekun Fasifik wurin da guguwa ke kai ƙarshen ƙarfinta ya matsa arewa. Ga injin iska wannan labari ne mara daɗi ta fuska biyu. Raguwar yawan guguwa ba ta amfane shi da komai ba, tunda dare ɗaya ya ishe shi faɗuwa. Matsawarta arewa kuma tana nufin wuraren da tarihinsu bai san babbar guguwa ba, waɗanda saboda haka adadinsu na shekara 50 ƙarami ne, su ne za su fara karɓar baƙuncin ta. Miyako tana da kundin da ya yi gargaɗi aka ƙi dubawa. Waɗannan wurare ko an duba kundin, ba zai yi gargaɗin ba.

Abin da ya faru a Miyako ya maimaita kansa a wurare da dama, kusan da kamanni ɗaya. A Satumban 2013 guguwar Usagi ta kayar da injina takwas cikin 25 a Honghaiwan da ke Shanwei ta lardin Guangdong a ƙasar Sin. A Satumban 2024 guguwar Yagi ta karya manyan injina na zamani a Wenchang da ke tsibirin Hainan. Wanda ya fi ba da darasi shi ne na Puerto Rico a 2017. Guguwar Maria ta sauka a kudu maso gabashin tsibirin ranar 20 ga Satumba, ta ragargaza fikafikan injina 13 na Punta Lima a Naguabo, wurin ya shafe shekaru ba ya aiki kafin a sake gina shi. Injina 44 na Santa Isabel da ke gabar kudu kuwa sun tsira da ƙaramar ɓarna, amma suka yi watanni ba su sayar da wutar kirki ba, saboda layin da zai ɗauke ta ya rushe. Ko injin ya faɗi ko ya tsaya, layin wuta yana tsakiyar maganar.

Kada wannan jeri ya ruɗi mai karatu. A gefen kowane injin da ya faɗi akwai dubbai da guguwa ta bi ta kansu suka ci gaba da aiki washegari. A lokacin Yagi ɗin nan, injin kamfanin Mingyang na Sin mai kai biyu da ke shawagi a kan ruwa kusa da Yangjiang ya fita lafiya. Ranar 1 ga Satumban 2023, yayin da guguwar Haikui ke tunkarowa, injin kamfanin Goldwind na Sin mai megawat 16 a tekun Fujian ya samar da megawat-awa 384 a yini ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba daga inji guda a lokacin. Iskar gefen guguwa alheri ce ga mai injin, cibiyarta ce bala'i, kuma cibiyar ba ta da faɗi sosai. Saboda haka ban yarda da masu cewa tsananin guguwa zai kashe lantarkin iska ba. Abin da zai yi shi ne ya ƙara masa tsada a wasu yankuna, ya kuma tace masu iya shiga.

Tsadar ta fuskoki da yawa take zuwa. Akwai ƙarin ƙarfe da kankare. Akwai janareta ko batir da yanzu ake ajiyewa domin kan injin ya ci gaba da juyawa ko layi ya mutu, wanda shi ne darasin Miyako kai tsaye, kuma sai an riƙa duba su ana zuba mai, ba a kafa a manta ba. Akwai lokacin gini, lokacin da injin ke tsaye amma ba a gama haɗa shi da wuta ba, wanda shi ne mafi haɗari a rayuwarsa. Sannan akwai inshora, wadda ita ce alƙalin da ba a gani: banki ba ya ba da rance sai da ita, mai inshora kuwa yana sabunta farashinsa ne bisa asarar da ya gani, ba ya jiran a gyara ƙa'ida. Sin da Japan da Taiwan suna da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi. Damuwata tana kan ƙananan tsibirai na Fasifik da Karibiyan da ƙasashe irin su Filifin, waɗanda suka fi kowa buƙatar kuɓuta daga tsadar man jirgi, suka fi kowa zama a bakin guguwa, kuma ba su ne suka ɗumama duniya ba. Su ne za a fi jarabta da injin mai araha wanda ba a yi shi don iskarsu ba, kamar yadda ya faru a 2003. Duk mai ba su rance ko tallafi, haƙƙi ne a kansa ya biya kuɗin ajin da ya dace, ya kuma biya na ma'aikatan da za su kula da shi.

Akwai wata alaƙa da ta shafe mu kai tsaye. Injina 37 da aka kafa a Lambar Rimi ta Jihar Katsina, masu kilowat 275 kowanne, jimilla kusan megawat 10, ƙirar Vergnet ce, dangin waɗanda ake kwantarwa a Hateruma da Tonga, da fikafikai biyu da igiyoyinsu. Mu ba mu da guguwar teku, kuma iskar hadarinmu ba ta kai ta Miyako ba. Amma binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna cewa mafiya tsananin hadarin Sahel sun ninka yawa sau uku tun daga 1982, kuma kowa a nan ya san iskar da ke gabatar ruwan farkon damina, mai yaye kwano ta kayar da turakun wuta. Bambancin shi ne guguwar teku ana ganin tahowarta kwanaki kafin ta iso, har a tara ma'aikata a saki igiya cikin natsuwa. Tamu kuwa gabas ta yi baƙi, ƙura ta taso, ta iso ke nan, kuma kwantar da injina 37 aikin yini ne ko fiye ga tawaga ɗaya. A irin wannan wuri dole injin ya iya karɓar bugun a tsaye, kansa yana da wutar juyawa ko da layi ya ɗauke, kuma a ce akwai na'urar da ke auna bugun iska a tsayin fikafikan, shekara bayan shekara, domin wanda zai zana na gaba ya sami adadin Katsina ya yi aiki da shi.